Jirgin da Ba Ya Hayaƙi

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Abban Hafsat ya koma Legas ɗazu da safe. A cikin littafin nan nawa dai zan rubuta sunan mijina tunda babu mai ji na: Abdulmalik. Hafsat ta yi kukanta ta gaji ta yi barci, ni kuma raina a ɓace yake, kuma ba tafiyar ce ta ɓata min shi ba.

Jiya muna cin tuwo a tsakar gida yake yi wa Inna, mahaifiyarsa, bayanin sabon jirgin ruwan da kamfaninsu zai gwada, na ɗaukar fasinja. Shi ne injiniyan da zai kula da injin. Ya ce manyan batura ne ke tafiyar da jirgin, akwai ɗan injin dizal na ko-ta-kwana, amma ainihin abincinsa wata iska ce, haidirojin, da ake ɗurawa a tankuna. Wata na'ura ce ke haɗa ta da iskar da muke shaƙa, sai ta ba da lantarki. Abin da ke fita ta salansa ruwa ne kawai.

Inna ta ajiye loma ta ce, "Inji babu hayaƙi? To ta ina mugun abu zai fita?"

Muka yi dariya, ashe ita da gaske take. Marigayi Baba Garba, mahaifinsa, direban babbar mota ne, kuma duk sabuwar motar da aka ba shi sai Inna ta shiga da kasko ta yi mata hayaƙin habbatus sauda da ararraɓi, gaba da baya, saboda bakin mutane. Har ya rasu a kan gadonsa ko akuya bai taɓa gogewa ba. Duk unguwarmu ta Gyadi-Gyadi babu wanda bai ji wannan labarin daga bakinta ba.

Da safe sai ga ta da ɗan kasko da ƙullin hayaƙi da gawayi a leda, ta tusa masa a jaka. Ya ce, "Inna, ba a kunna wuta a wurin." Ta ce, "Ni na haife ka ko kamfani? Kafin a ɗebi mutane a cikinsa ka yi masa hayaƙi. Ka yi min alkawari." Ta riƙe masa hannu ta ƙi saki har sai da ya ce, "To Inna, na yi."

Na bi shi ɗaki na ce ya cire. Ni nas ce a sashen masu ƙuna, mutum ya ƙyasta ashana kusa da tukunyar oksijin korar kare nake yi masa. Kuma shi da bakinsa ya gaya min iskar nan ba ta da wari, ba ta da launi, ko ta kama da wuta da rana da ƙyar ake ganin harshenta. Ya ja min kumatu ya ce, "Ummu, kin mai da ni yaro? Zan san yadda zan yi." Ya zuge jakar da abin a ciki.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan magariba

Ya kira, yana ta murna. Wai in an tayar da injin ko ƙarar keken ɗinki ba ya kai. Ya miƙa wa Mu'azu wayar muka gaisa. Mu'azu abokinsa ne tun suna yara, ɗan Unguwa Uku, mai haɗa bututu, Abdulmalik ne ya samo masa aikin. Ya ce min, "Uwargida, ki gaya wa matata Husaina ta daina kishi da jirgi, ba shi da ko hanci."

Mako mai zuwa za a ɗura iskar a tankuna. Na so in yi tambaya, amma Inna na zaune kusa da ni tana jan carbi.

Talata, 14 ga Mayu, da azahar

Wayarsa a kashe.

Talata, bayan magariba

Har yanzu a kashe. Husaina matar Mu'azu ta kira ni, ta ce ta mijinta ma haka. Na ce mata ai a kan ruwa suke, wataƙila babu sabis.

Laraba, 15 ga Mayu, da hantsi

Ina shirya kayan wankin ciwo wata abokiyar aikina ta ce, "Sista Ummu, ba a nan maigidanki yake aiki ba?" Ta miƙo min waya da bidiyo a kunne. Bakin ruwa ne, mutane na gudu suna ihu, farin jirgi yana tsaye kamar babu abin da ya same shi. Can sai na ga fentin bayansa yana kumbura yana baƙi shi kaɗai, babu wutar da ido ke gani. Daga baya baƙin hayaƙi ya turnuƙe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tiren ya kuɓuce min, almakashi da auduga duk suka watse a ƙasa.

Na kira kamfanin har na gaji kafin wata mata ta ɗauka. "An samu ɗan hatsari, Madam. Ana kula da su." Su wa? Yana da rai? "Za a tuntuɓe ki." Ɗan hatsari! Da ina gabanta wallahi da na shaƙe ta.

Laraba, da yamma

Na gaya wa Inna. Na zata za ta faɗi, har na matso kusa don in tare ta. Ko gezau. Ta ce, "Ki kwantar da hankalinki, yarinya. Babu abin da zai sami yaron nan da izinin Allah, ai da tsarinsa ya tafi."

Na shiga banɗaki na yi amai.

Alhamis, 16 ga Mayu, bayan azahar

Mu'azu ya rasu. A can aka yi masa sutura, wansa Haruna ne ya je.

Wayar Abdulmalik a kashe.

Juma'a, 17 ga Mayu, da yamma

Yana da rai. Ya Allah, yana da rai. Haruna ya kira ni da kansa, da nasa rashin a ka, Allah ya saka masa. Ya ce hannuwa biyu ne da gefen fuska suka ƙone, kuma yana magana. Ta taga ya hango shi, don akwai jami'in tsaro a ƙofar ɗakin asibitin, ba a barin kowa ya shiga. An karɓe wayoyin duk waɗanda ke cikin jirgin sai an gama bincike.

Na tambaye shi binciken me. Ya ce, "Abin da ya tayar da wutar mana. Sun ce ko iskar ta yi yoyo, sai an sami abin da ya kunna ta. Duk wanda aka samu da hannu a ciki gidan yari zai ƙare, kuma ni ma sai na ga bayansa."

Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ban san yadda aka yi kalmar ta fito min ba.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Mun je ta'aziyya Unguwa Uku ni da Inna a adaidaita sahu. Husaina na zaune a ƙuryar ɗaki, ta rame kamar ta yi wata tana jinya, ga ciki ya fara fitowa. Da ta gan ni ta kama hannuna ta fashe da kuka. Ta ce, "Yaya Ummu, ranar Litinin fa muka yi waya. Yana ta dariya, wai Inna ta aika musu da tsarabar Kano, wai zai ba ni labari in ya dawo. Tsarabar me ce?"

Inna na can falo wurin manyan mata, ba ta ji ba. Na ce, "Kilishi ne da dakakken yaji." Akwai su a jakar, ban yi ƙarya ba.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan asuba

Ba zai yi ba. Mutum ne mai hankali, shi yake koya wa sababbi dokokin wurin. Ba zai yi ba.

Litinin, da yamma

Tun da nake da shi bai taɓa ce wa Inna to ya saɓa ba. Ko sau ɗaya.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan azahar

An kawo mana wani mai shayi da tukunyar gas ta fashe da shi, hannuwa biyu. Aikin da nake yi kullum ido rufe, yau ina ɗaga bandejin sai hawaye suka zubo min. Ina ta auna nasa da na Abdulmalik: ya kai haka? Wa ke wanke masa? Suna jiƙa bandejin kafin su cire ko fizga suke yi? Mutumin ya dube ni ya ce, "Sista, ni ke ciwo ke ke kuka?" Shugabarmu ta ce in tafi gida in huta sai na ji dama.

Gidan kuma ba hutu. Hafsat ta ɗauki murfin kwano ta kara a kunne tana cewa Abba, Abba.

Juma'a, 24 ga Mayu, da hantsi

Wani mutum ya kira, ya ce daga kwamitin bincike yake. Muryarsa a sanyaye, har da tambayar yaya yara. Ya ce mijina yana shan sigari? Na ce bai taɓa ba. Ya ce da ya zo hutu na ga wani canji a tare da shi, damuwa ko rashin barci? Na ce babu. Sai ya ce, "Ko kin san ya tafi da wani abu daga gida da ake kunnawa? Laita, kyandir, maganin sauro, komai ƙanƙantarsa."

Na ce, "Mijina ya san aikinsa, Malam." Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na ce ba na jin sa sosai, na kashe wayar.

Tun ɗazu duk motar da ta tsaya a layinmu sai na leƙa ta katanga.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan la'asar

Ni 'yasu, ta ina zan tare? Maƙwabta sun shigo jaje, ina kicin ina haɗa musu zoɓo sai na ji Inna ta buɗe murya: "Ai ni ban ɗaga hankalina ba. Da hannuna na haɗa masa hayaƙi, irin wanda nake yi wa motocin ubansa, na sa ya yi min alkawari…"

Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Inna!" da ƙarfin da ban taɓa yi mata magana da shi ba. A cikin matan akwai wadda ƙanwarta ke aure a layin su Husaina.

Da suka watse Inna ta ƙi kallo na. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce don Allah ta daina faɗa wa mutane. Ta ce, "Saboda me? Abin kunya na yi?" In gaya wa tsohuwa mai hawan jini me? Sai na ce, "Saboda baki, Inna. Tsari in ana yawan faɗarsa karyewa yake yi."

Ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yar nan. Ashe kina da hankali." Ta sa min albarka. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 28 ga Mayu, da azahar

Babu labari.

Laraba, 29 ga Mayu, da yamma

Rediyo tun safe sai zancen ranar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, kowa na faɗar abin da aka samu da wanda ba a samu ba. Inna ta ce in daina wannan zaman tagumin. "Yanzu ai ba zamanin soja ba ne da za a ɗauke mutum ya ɓace. Akwai kotu, akwai lauya. Wanda bai yi komai ba sakinsa za a yi."

Wanda bai yi komai ba. Na ce haka ne, Inna.

An yi yayyafi kaɗan, ƙasa ta yi ƙamshi. Maƙwabciyarmu ta kunna turaren wuta, iska ta kaɗo shi ta katanga, na tashi na rufe tagogi duk da zafin da ake yi.

Asabar, 1 ga Yuni, da hantsi

Husaina ta aiko min da saƙon murya. Ba ta yi zancen tsaraba ba, gaisuwa ce kawai da tambayar jikin Abban Hafsat. Na saurara ya fi a ƙirga ina neman ko akwai wani abu a ƙarƙashin muryar. Babu. Yarinyar nan mijinta ya mutu, tana takaba da ciki, amma nawa mijin take yi wa addu'a.

Ina tsoron ta. Ina tsoron Haruna. Ina tsoron Inna ta manta ta sake buɗe baki a gidan suna. Ina tsoron wayata in ta yi ƙara, ina tsoron ta in ta yi shiru.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan magariba

Na koma aiki. Na yi wa mai shayi wankin ciwo ban yi kuka ba. Ya ce, "Yau Sista ta warke."

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan azahar

Ya kira! Da wata baƙuwar lamba, wani ne ya riƙe masa wayar a kunne. Ya ce, "Ummu." Na zauna daɓas a ƙasan baranda.

An gama bincike. Mahaɗar wani bututu ce aka kawo musu mai aibu, ta yi yoyo, iskar ta bi ta wata kafa ta taru a saman ɗakin hutawar ma'aikata, inda bai kamata a ce ta kai ba. Abin da ya kunna ta kuwa sun ce ba za a iya sani ba, ɗakin ya ƙone ƙurmus kuma an kwashe tarkacen cikin ruwa wajen kashe wutar. Sun fi zaton wayar lantarki ce. Babu laifin kowa a cikin ma'aikata, an sallame su duka.

Na yi ta alhamdulillahi har muryata ta dishe. Na ce, "Abban Hafsat, kana ji na?" Ya ce, "Yaya Husaina?"

Zai taso ranar Asabar. Inna ta yi guɗa har yara suka leƙo, ta sa a jiƙa shinkafar waina ta sadaka.

Wayar lantarki ce. Masana ne suka faɗa, ni wace ce?

Asabar, 8 ga Yuni, bayan la'asar

Ya iso wajen azahar. Ya rame, gira ɗaya babu, hannuwan a naɗe har gwiwar hannu. Hafsat ta ɓuya a bayana ta ƙi zuwa. Inna da ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, yau ta manta, ta ce "Abdulmaliki" ta rungume kansa.

Da mutane suka ragu ta zauna tana ba shi kunu a baki da ludayi. Ina gefe ina jiƙa bandeji don in duba aikin da suka yi masa. Sai ta sassauta murya, ta dube ni ta ce tunda mu kaɗai ne ai babu baki. Ta ce masa, "Ka dai cika alkawarin ko?"

Na ce, "Inna, a bar shi ya huta." Ba wanda ya kula ni.

Ya kalli tabarma. Ya ce, "Na cika, Inna."

Ta ɗaga hannu sama. "Alhamdulillahi! Kin gani ko, Ummu? Da bai yi ba, da yanzu wani zancen ake yi." Ta tashi da saurinta ta fita wurin masu tuyar waina, har da 'yar waƙarta.

Na ci gaba da warware bandejin don ban san me zan yi da hannuwana ba. Ya yi magana a hankali, ba ni yake kallo ba. Ya ce ya zaɓi ɗakin hutawa ne don shi ya fi nisa da tankuna, ya auna komai, ya tabbata iska ba za ta kai can ba. Ya ce ɗan jim kawai ya yi niyya, ya samu ya gaya wa Inna ya yi ba tare da ƙarya ba. Gawayin ya ƙi kamawa. Mu'azu ya shigo ya same shi, ya yi ta dariya, ya ce injiniya guda bai iya hura wuta ba, kawo ka gani. Ya karɓi kaskon ya miƙe tsaye, ya ɗaga shi saitin bakinsa. Abdulmalik ya juya zai buɗe ƙofa, sai wutar ta tashi.

Ya ce su masu binciken sigari da laita suka yi ta tambayarsa, shi kuma ya yi ta cewa a'a.

Na ce to shi ke nan, ya wuce. Bututunsu ne ya yi yoyo, da bai yi ba ko kasko goma aka kunna babu abin da zai faru. Ya ce ya sani. Na ce daga ni sai shi sai Allah. Ya ce, "Haruna ya kira ni a hanya. Husaina ta ce in je in gaya mata yadda ya cika, tunda ni ne a wurin. Gobe za ki raka ni Unguwa Uku."

Na ce me zai ce mata.

"Abin da ya faru, Ummu."

Na roƙe shi. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da Hafsat, na gaya masa abin da Haruna ya rantse zai yi, na ce Inna ba za ta kai Sallah ba in ta gane. Na yi masa faɗa, har na ce masa mahaukaci, abin da ban taɓa ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗan da ke cikinta zai girma yana gaishe ni yana ce min Baba. Ke za ki iya kallo?"

Na koma kan hannuwansa. Ciwon yana warkewa da kyau, sun yi masa aiki mai tsafta, na sake naɗe masa.

Lahadi, 9 ga Yuni, da hantsi

Inna ta ƙulla waina a ba Husaina, ta ce a gaishe ta da haƙuri. Adaidaita sahu na jira a ƙofar gida. Ban san da wa zan dawo gidan nan ba.

Yana kira na daga ɗaki. Hannunsa ba ya iya maɓalli, ni zan sa masa rigar.